Shanun Yaya da Motar Dawaki

Kafin shekarar da zan ba da labarinta, na yi aikin malamin dabbobi a Wudil shekaru masu dama, ban taɓa ɓatar da kwalbar magani ba, ban taɓa rubuta rahoton ƙarya ba, ba a kuma taɓa kirana gaban manya domin a yi mini faɗa ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin mutumin da abin ya samu. Ni mutum ne da ya yarda da kansa ƙwarai, kuma a wancan lokaci ina ganin ina da hujja.

Zamanin kuwa shi ne ƙarshen shekarun da arzikin man fetur ya cika ƙasa. An yi gine-gine, an shimfiɗa tituna, mutanen da iyayensu ba su taɓa hawa keke ba sun sayi motoci. Amma a cikin wannan yalwa sai aka manta da saniya. Allurar rigakafin ciwon bushiya, wadda a farkon aikina muke bin ruga ruga muna yi, muna tsaga kunnen kowace dabba domin shaida, sai aka dakatar da ita, aka ce ciwon ya ƙare. Aka haifi maruƙa, suka girma, su ma suka haihu, duk kunnuwansu lafiya lau babu tsaga. Ana nan cikin bazara, wata Juma'a, sai na ga wani bijimi a kara, wato kasuwar shanu, idanunsa na zubar da ruwa, bakinsa ya yi gyambo, yana zawo mai wari. Ban buƙaci littafi ba. Na san abin da na gani.

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Achika. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ya kuma bar musu shanu goma sha huɗu, suna hannun wani Arɗo a can bayan Utai, a cikin garkensa. Daga shanun nan suke ci, daga gare su suke sutura, ba su da wani abin da ya wuce su. In ka cire tsofaffi biyu, duk sauran an haife su ne bayan an daina allura.

Kwana uku da ganin bijimin nan sai ga ta a gidana a Sabon Gari. Bayan mun gama gaisuwa, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata.

Ta ce, "Auta, an ce ciwon nan ya shigo kara."

Na ce, "Haka aka ce, Yaya."

Ta ce, "Kai ma an ce za ka ce mini? To wa zai ce mini ya gani?"

Na ce, "Na gani."

Ta dubi tabarma. Can ta ce, "Duk karatun nan da ka yi, da farar rigar nan da kake sawa, akwai abin da za su yi wa shanun marayu, ko kuwa na koma gida na fara kuka tun yanzu, na rage aiki?"

Na ce mata ta koma ta kwantar da hankalinta, ko ɗaya ba za ta mutu ba ina raye. Haka na faɗa, da wannan lafazi. Ta tashi ta sha ruwan.

Magani akwai shi. Babban ofishinmu a Kano ya keɓe mini akwati ɗaya na rigakafi, aka ce in zo in ɗauka duk ranar da na shirya, aka kuma gargaɗe ni cewa babu wani a bayansa sai an sake kawowa. Matsalar ita ce sanyi. Maganin nan abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, kuma in ya mutu ba ya canza kama, yadda yake a kwalba jiya haka yake yau. Firjin ofishinmu na kananzir ne, ba ya aiki sai a ajiye a wuri ɗaya, kananzir ɗin ma a lokacin sai an sha wuya ake samu. Ƙanƙarar da ake sayowa daga Kano kuwa, a zafin bazara, kafin la'asar ta zama ruwa. Motar ofis ta yi watanni a kan duwatsu babu tayoyi. Rugagen da zan bi aikin kwanaki ne a daji. Na kwana biyu ina juya lamarin, ko'ina na bi sai in tarar ƙofa a rufe.

Sai na tuna da wani Alhaji a unguwarmu, ɗan kwangila, wanda nake duba masa dawakin sukuwa a lokacin da yake da su. Da kwangila ta fara ja da baya ya sayar da dawakin, amma motar da ake ɗaukarsu tana nan a harabar gidansa, doguwa, mai rufin ƙarfe da tagogin katako da ƙofar baya da ake saukewa ta zama matakala. Na kuma taɓa ganin wasu akwatunan katako a rumfarsa, ya ce mini faya-fayan gilashi ne masu jawo wuta daga hasken rana, ya sayo su daga ƙasar waje domin famfon gonarsa, rijiyar kuwa ba a taɓa haƙa ta ba. Yana da wani ɗan firji mai aiki da batir wanda ya saya domin lemo a hanyar tafiya. Irin sayayyar zamanin ke nan.

Na je na durƙusa na yi masa bayani. Ya saurare ni, ya yi dariya, ya ce, "Malam, shekara huɗu kaji na kwana a kan akwatunan nan. In ka sa suka yi wani aiki, ka fi wanda ya sayar mini da su. Ɗauki. Amma motar ba ta tafiya sai da Baba, domin ba ta jin maganar kowa sai tasa."

Baba shi ne tsohon da ya yi shekara talatin yana kiwon dawakin gidan, tun zamanin mahaifin Alhaji. Da aka sayi motar sai aka koya masa tuƙi, domin ba ya yarda wani ya ɗauki dawakinsa. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, mai tsabta. Ko da yake motar ta yi shekara biyu babu doki a cikinta, kullum sai ya share ta, kuma barguna na rufe dawaki suna nan a ninke a kan katako kamar gobe za a yi tafiya.

Na nemo wani mai haɗa wayar mota a bakin tasha, irin waɗanda ake ce wa riwaya, muka fara aiki a filin bayan gidan Alhaji. Takardar da muka samu a cikin akwatunan ba da Turanci aka rubuta ta ba, sai zane kawai muka bi. Faya-fayan guda huɗu ne, kowanne ya kai faɗin tabarmar salla, baƙi-baƙi masu sheƙi, da wayoyi biyu a bayansa. Rana ta fari muka kai motar wurin mai walda, ya ɗora mana firam na ƙarfe a kan rufi, na sa ya ɗaga shi kamar faɗin tafin hannu domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Muka yanka tsohuwar taya muka sa a ƙarƙashin kowane noti saboda gargadar hanya. Rana ta biyu riwaya ya haɗa wayoyin, ja da ja, baƙi da baƙi, ya ratso da su ta tagar iska zuwa wani ƙaramin akwati mai allurar nuna ƙarfin wuta da ya zo tare da kayan, daga nan zuwa manyan batura biyu na babbar mota. Baturan muka zaunar da su a cikin komin da dawaki ke cin dusa, muka cusa buhuna a gefensu. Firjin kuwa muka ɗaure shi da igiyar doki a jikin zoben ƙarfen da ake ɗaure linzami.

Na tambayi riwaya ko ba za mu haɗa da injin motar ba, domin ya riƙa taimakawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan injin da ƙyar yake ciyar da batirin kansa. Tsoho ne mai iyali, kada ka ƙara masa baƙi. Kuma man da za ka bar ta tana ƙugi wuni guda, a ina za ka samo shi?" Gaskiya ya faɗa. Man da na samu bai wuce na zuwa da dawowa ba.

Da ya gama, sai ya ɗauko ƙwan fitilar mota ya taɓa wayoyin da ke saukowa daga rufi. Ƙwan ya kama, da rana tsaka, babu inji, babu janareto. Riwaya ya dubi ƙwan, ya dubi sama, ya ce, "Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan da take ƙona mana ƙeya, wuta take rabawa ba mu kawo kwano ba."

Baba yana tsaye can gefe, bai yi dariya ba. Ya matso ya ɗora hannu a jikin motar, ya janye da sauri. Ya ce, "Malam, tun da aka sayi motar nan ban taɓa barinta ta wuni a rana ba. Yau kwana biyu ke nan."

Na ce, "Babu komai, Baba."

Ya ce, "To."

Da ya juya, riwaya ya rage murya ya ce mini, "Ranka ya daɗe, da ka zaunar da tsohon nan ka yi masa bayanin yadda abin yake." Na ba shi amsa da maganar da har yau nake jin ɗacinta a bakina. Na ce, "Aikinsa tuƙi ne." A raina ina ganin al'amarin wuta da waya ya fi ƙarfin mutumin da bai taɓa shiga aji ba, kuma, in faɗi gaskiya, ina jin daɗin kasancewa ni kaɗai na san sirrin abin.

Rana ta uku muka sa kofin ruwa a firjin da hantsi. Kafin magariba ruwan ya yi ɓawon ƙanƙara. Washegari muka tafi Kano muka ɗauko akwatin magani, na jera kwalaben da hannuna, na sa ma'aunin zafi a tsakaninsu, na rufe.

Ranar Alhamis da safe muka wuce Utai, muka isa rugar Arɗo. Akwai wani fili fetal a gabanta, babu itace sai wata babbar tsamiya can a gefe. Na sa Baba ya tsaya a tsakiyar filin. Ban gaya masa dalili ba, na nuna masa wurin da hannu kawai.

A ƙa'idar aikinmu, in ciwo yana yawo ba a tara garkuna wuri ɗaya, kai ne za ka bi su. Na san wannan sarai, ni nake koya wa sababbin ma'aikata. Amma man motar ba zai kai mu ruga uku ba. Sai na yanke shawarar in bar motar a nan, in hau babur ɗina da muka ɗauko a cikinta, in bi rugagen in kira su, kowa ya kawo shanunsa ranar Asabar da safe, a yi a gama a wuni ɗaya, a watse. Na ce wa kaina sa'o'i kaɗan ba za su yi lahani ba.

Da zan tafi na kira Baba. Na ce, "Baba, ga amana. Kada kowa ya buɗe firjin nan. Gilasan can na sama kuwa, ka kula da su kamar yadda kake kula da dokin Alhaji."

Ya ce, "Kamar doki."

Na ce, "Kamar doki. Sun ma fi doki tsada."

Ya ce, "Allah ya ba ni iko. Abin da ke cikin firjin fa, me yake so?"

Na ce, "Wannan nawa ne, Baba." Na tayar da babur.

Kwana biyu na yi ina yawo cikin rana. Wasu makiyayan suka amsa nan take, wasu sai da na rantse musu, domin sun daɗe ba su ga ma'aikaci ba sai in haraji ya kawo shi. Na kwana a Achika. Yaya ta ce za ta zo ta gani da idonta. Na ce ta zo.

Ranar Asabar da hantsi na doso rugar. Tun daga nesa nake jin kukan shanu. Filin ya cika, farare da jajaye, garke kusa da garke, makiyaya sun dogara da sandunansu. Na duba tsakiyar filin, babu mota. Na tsayar da babur na sake dubawa. Sai na hango ta can ƙarƙashin tsamiya, a cikin inuwa mai duhu, kuma rufinta a lulluɓe da bargunan dawaki, an ɗaure kusurwa huɗu da igiya, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san aikinsa.

Ban san yadda na isa wurin ba. Baba ya taso daga tabarmarsa ya tarye ni da gaisuwa, fuskarsa a sake. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni gajiya, ya tambayi mutanen Achika, ni kuwa ina amsawa idona na kan bargunan.

Na ce, "Baba, yaushe ka kawo ta nan?"

Ya ce, "Tun ranar da ka tafi. Kafin azahar na hau na taɓa gilasan nan, wallahi Malam, da ƙwai ka fasa a kai da ya soyu. Na ce abin da ya fi doki tsada ba za a bar shi haka ba. Da na kawo su inuwa kuma sai ga tsuntsaye suna ɓata su, ga 'ya'yan tsamiya na faɗowa, sai na rufe. Jiya ma da zan je masallacin Juma'a a Utai na ƙara bargo ɗaya, saboda idon mutane. Firjin kuwa ban taɓa shi ba. Da farko yana ta gurnani, yana ta wahala, amma tun jiya da hantsi ya samu ya huta."

Na sauke ƙofar baya na shiga. Allurar ƙaramin akwatin nan ta kwanta a ƙasa. Na buɗe firjin, wani ɗumi ya bugi fuskata. Ruwa ya taru a gindinsa, takardun jikin kwalaben sun jiƙe. Na ɗauki ma'aunin zafi, jan layin ya hau har kusa da inda yake tsayawa in an sa shi a hammatar mutum. Wuni guda cur da kwana, a cikin akwatin ƙarfe, a tsakiyar bazara.

Na fito na hau rufin kamar mahaukaci, ni da ban taɓa gudu a gaban jama'a ba. Na kasa kwance ɗaurin Baba, sai da na sa wuƙa na yanke igiyoyin, na watso bargunan ƙasa. Na ce masa ya fitar da motar rana. Bai tambaye ni komai ba, ya dubi bargunansa a cikin ƙasa, ya shiga ya tayar. Muka ratsa ta cikin shanu muka koma tsakiyar fili. Na zauna a cikin motar na zuba wa allurar nan ido, ina salati, ina roƙon ta motsa. Ta motsa. Can wajen azahar firjin ya yi tari ya kama. Na ɗora kunnena a jikinsa kamar mai sauraron numfashin majiyyaci.

A nan ne wani tunani ya zo mini, kuma zan faɗe shi domin na ɗauki alkawarin ba zan ɓoye kome ba. Nan da sa'a biyu kwalaben za su yi sanyi. Duk wanda ya taɓa su zai ji su kamar yadda suka fito daga Kano. Babu wanda ya san abin da ya faru sai Baba, shi kuwa bai san ma'anarsa ba. Zan iya yin allurata, in tsaga kunnuwa, a yi mini godiya, in koma gida da sunana. Mai yiwuwa ma maganin yana da sauran rai, wa ya sani? Na daɗe ina jujjuya wannan. Abin da ya tsayar da ni shi ne kunnen. Saniyar da aka tsaga wa kunne ta gama da allura har abada, babu ma'aikacin da zai sake kallonta, mai ita kuwa zai kai ta kowace mashaya da gaba gaɗi. Na leƙa ta tagar katako, na hango Yaya zaune cikin matan rugar, ta sa hannu ta kare idonta daga rana, tana duban motar.

Na fito na nufi Arɗo. Dattijo ne dogo, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ja shi gefe, na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce maganin ya sha zafi, ba zan iya rantsuwa yana da rai ba, ba zan iya rantsuwa ya mutu ba.

Ya juya ya dubi filin. Sa'an nan ya ce, "Likita, ka san shanu nawa ka tara a nan?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ka ga waccan karsana, ja, a garken mutanen gabas? Dubi idonta."

Na duba. Ruwa na bin kuncinta, ƙudaje sun taru a kai. Tun safe take a nan, tana shaƙar numfashin sauran, sun kuma sha ruwa a kwatarniya ɗaya.

Arɗo ya ce, "Mun bar inda muke a warwatse, mun zo domin ka kira mu. To, an riga an zo. Maganin nan naka, in ya mutu, yana kisa?"

Na ce, "Ba ya kisa. Ba ya dai tsarewa."

Ya ce, "To ka yi musu. Amma kada almakashinka ya taɓa kunnen ko ɗaya. Ni zan gaya wa mutane da bakina, domin in kai ka faɗa, ban san abin da samari za su yi maka ba."

Haka aka yi. Ya tara manyan rugage ya yi musu magana da Fulatanci. Ban ji duka ba, amma na ga yadda suka riƙa juyowa suna dubana. Wasu suka kora shanunsu suka tafi ko sallama babu. Waɗanda suka tsaya na yi musu allura har la'asar sakaliya, babu mai ce mini sannu. Da na zo kan na Yaya, na yi wa kowace ɗaya bismilla sau biyu. Ita kuwa ba ta matso ba. Da na ɗaga kai bayan na gama, ta riga ta kama hanyar Achika.

Daga ranar na zama ɗan zarya tsakanin Wudil da Kano. Na rubuta rahoto na faɗi abin da ya faru, na sa sunana a matsayin mai laifi. Na tsaya a ƙofar ofisoshi tun safe har a tashi, na roƙi mutanen da na girma, na roƙi waɗanda ni na koya wa riƙon sirinji. Amsa ɗaya ce, sai an kawo. Motar kuwa tana tsaye a filin ofishinmu cikin rana, firjin yana ta aiki, sanyi ƙarara, babu kome a cikinsa. Kullum na dawo hannu wofi sai in buɗe shi in duba, ban san me nake nema ba. Kowace safiya kuma saƙo na zuwa daga bayan Utai, yau uku sun kwanta, yau biyar.

Kwana goma sha ɗaya aka yi kafin a kawo wani maganin. Alhaji ya ba mu mai daga gidansa, muka bi ruga ruga kamar yadda ya kamata tun farko. Faya-fayan nan ba su ba mu kunya ba ko sau ɗaya, kwalba ta ƙarshe ta fito da sanyinta kamar ta fari, kuma garkunan da ke nesa, waɗanda masu su suka ƙi amsa kirana a karon farko, mun same su lafiya muka tsare su. Amma rugar Arɗo tun kafin mu isa ungulu suka nuna mana hanya.

Cikin shanun Yaya goma sha huɗu, huɗu suka rage. Biyu su ne tsofaffin nan masu tsagaggen kunne, waɗanda ni da kaina na yi wa allura ina saurayi. Sauran biyun karsana ce da ɗan maraƙi. Ko maganin da ya sha zafi ne ya tsare su, ko kuwa kwanansu ne bai ƙare ba, har yau ban sani ba.

Na je Achika. Na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa a bakin ƙofa, na kasa gaisuwa. Ta ci gaba da aikinta, sai da ta gama kwano guda sa'an nan ta ce, "An ce tsohon nan ne ya kai motar inuwa."

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Ka gaya masa rana suke so?"

Na ce, "Ban gaya masa ba."

Ta ce, "Ya tambaye ka?"

Na ce, "Ya tambaya."

Ta karkaɗe rariyar a jikin kwano. Ta ce, "Tun kana ƙarami haka kake, Auta. In ka san abu sai ka zauna a kansa kamar kaza." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Babbar 'yar nan tawa za ta koma wurin ƙanen ubanta, ba zan iya ciyar da su duka ba. Yana waje, tsohon?"

Na ce yana mota.

Ta shiga ɗaki ta damo fura da ruwa, domin babu nono, ta miƙo mini ƙwaryar. Ta ce, "Kai masa da hannunka."

Na same shi ya tsayar da motar a fili, nesa da kowace bishiya, yana zaune a ƙasa a gefenta, rana na dukansa. Tun ranar Asabar ɗin nan bai sake yi mini wata magana ba bayan gaisuwa, kullum da safe dai sai ya hau ya goge gilasan da jiƙaƙƙen tsumma. Na ba shi furar, na zauna kusa da shi. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa, ga rana, ga gilashi, ga waya, ga batir, ga firji, ga magani. Na yi masa bayani tun daga farko, dalla-dalla, yadda ya kamata in yi a bayan gidan Alhaji. Bayanin duka bai kai tsawon lokacin da mutum zai yi alwala ba.

Ya saurara har na gama, ya daɗe yana duban zanen. Ya ce, "Shi ke nan duka?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ya ce, "Ai wannan ba shi da wuya, Malam."

Ya sha furar rabi, ya miƙo mini sauran.